Yadda Oza Ta Rabu Biyu Tsakanin Ingila da Amurka

Mai lambun da ya sayi takin ruwa ko maganin ƙwari ɗan Amurka zai tarar an rubuta a jikin kwalbar cewa a zuba oza ɗaya a galan ɗaya na ruwa. Shi kuwa injin feshinsa da lita aka auna shi. Kafin ya kama lissafi, akwai tambayar da ya kamata ya yi: oza ta wa, galan na wa?

Rikicin ya samo asali ne daga kasuwannin Ingila. A da, galan ba ɗaya ba ne a can: na hatsi daban, na giyar sha'ir daban, na giyar inabi daban, kowace sana'a da nata mudun. A 1707, zamanin Sarauniya Anne, doka ta tsayar da girman galan na giyar inabi, wanda a awon yau ya kama lita 3.785. Shi Turawan da suka zauna a Amurka suka saba da shi, kuma da suka ɓalle daga Ingila a 1776 ba su yar da shi ba. An kasa shi gida 128, kowane kaso oza ɗaya, wato mililita 29.57.

Ingila ce ta sauya. A 1824 majalisarta ta soke tsofaffin galan-galan, ta kafa sabo guda: wurin da laba 10 ta tataccen ruwa za ta cika. Dabarar tana da kyau, a gaskiya. Laba ɗaya oza 16 ce, laba 10 oza 160 ke nan, sai aka kasa sabon galan gida 160 domin ozar ruwa ta yi daidai da ozar nauyi. Galan ya zama lita 4.546, oza kuma mililita 28.41. Wannan ne galan ɗin da mulkin mallaka ya kawo Najeriya da Gana. Amurka ba ta bi ba. Me zai sa ta bi dokar majalisar da ta riga ta rabu da ita?

Ana cikin haka Faransa ta riga ta kama wata hanya. Tun 1795, a zamanin juyin juya hali, ta kafa lita bisa lissafin goma-goma, kuma sannu a hankali duniya ta koma can. Har Amurka ma, tun 1893 da mita da kilogiram take fayyace awonta a hukumance, ko da yake oza ce har yau a jikin kwalabenta.

Masu juya awo sun fi damuwa da bambancin ozojin biyu, alhali kusan kashi 4 cikin ɗari ne kawai. A ganina ba nan gizo ke saƙa ba. Ozar Amurka ta fi girma, galan ɗinta kuma ya fi ƙanƙanta, don haka haɗinta ya fi kauri ta fuska biyu. Oza ɗaya a galan, a awon Amurka, mililita 7.8 ce a kowace lita. A awon Ingila kuwa 6.25 ce. Injin goyo mai cin lita 16 zai sha mililita 125 idan umarnin na Amurka ne, 100 idan daga tsohon littafin lambu na Ingila aka ɗauko shi. Ƙarin rubu'i guda na magani mai ƙarfi yana iya ƙona ganyen dashen tumatir, ragin kuma ya bar ƙwari da rai.