Sauyin Tsarin Kiwon Lafiya a Nijeriya, 1986 zuwa 2022: Nazari a kan Wanda Nauyi Ya Faɗa wa

Tsakure

Wannan maƙala tana bin diddigin yadda ɗawainiyar jinya ta tashi daga wuyan hukuma ta koma wuyan majinyaci, tare da duba abin da hakan ya haifar ga talaka da asibiti da kamfanonin inshora.

Asalin mas'alar

Haƙiƙa duk wanda ya nemi ranar da aka sayar da asibitocin gwamnati a ƙasar nan, kamar yadda aka sayar da kamfanonin rarraba wutar lantarki, ba zai same ta ba, domin al'amarin ya zo ne sannu a hankali, tun daga shirin tsuke bakin aljihu na 1986, sa'ad da darajar naira ta faɗi, magungunan da ake shigowa da su suka yi tsada, baitulmali kuma ya janye hannu. Shekara guda bayan haka ministocin lafiya na Afirka suka haɗu a Bamako, suka amince majinyaci ya riƙa biyan kuɗin magani, a juya kuɗin a sake cika ɗakin magani. Niyyar ba ta da aibu, amma a wurare da yawa asusun ya ƙafe, biyan kuɗin kuwa ya zauna daram.

Illar wannan a bayyane take a ƙofar ɗakin haihuwa, inda ake miƙa wa miji 'yar takarda ɗauke da jerin safar hannu da auduga da sirinji da ledar ƙarin ruwa, ya bazama kemis cikin dare, sau da yawa bayan ya karɓo rance ko ya sa akuya a kasuwa. Fiye da kashi 70 cikin ɗari na abin da ake kashewa a kan lafiya a Nijeriya daga aljihun jama'a yake fitowa kai tsaye.

Inshora da masu shiga tsakani

Dokar inshorar lafiya ta 1999, wadda ba ta fara aiki ba sai 2005, ta ɗora amanar kuɗin a hannun kamfanoni masu zaman kansu, su karɓa daga hukuma su biya asibiti gwargwadon yawan mutanen da suka yi rajista. Ma'aikacin gwamnatin tarayya ya amfana ƙwarai, tunda kashi 10 kacal na kuɗin magani yake biya. Asibitoci kuwa sun daɗe suna kokawa da jinkirin biya da ƙarancin farashi, har wasu suka riƙa fifita mai kuɗi a hannu a kan mai katin inshora. Manomi da ɗan tireda da mai sana'ar hannu, waɗanda su ne jamhurun al'umma, tsarin bai san da zamansu ba, saboda an gina shi a kan albashi.

Dokar lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 na kuɗin shigar tarayya domin kiwon lafiya a matakin farko, ta 2022 kuma ta wajabta inshora a kan kowa, ta kafa asusun masu rauni. A ra'ayinmu wajabcin ba shi da ma'ana ga wanda ba ya da ikon biya, matuƙar ba a zuba kuɗi a asusun ba. Zuba kuɗin kuwa ba shi da tabbas, domin a Abuja shugabannin Afirka suka yi alkawari a 2001 cewa za su ba lafiya kashi 15 na kasafinsu, kuma har zuwa 2022 gwamnatin tarayya ba ta taɓa cika shi ba.