Daga rawar hannu zuwa rawar kiɗa: ɗan tarihin cutar Parkinson

Jama'a, ranar 11 ga Afrilu ita ce ranar cutar Parkinson ta duniya, kuma ba haka kawai aka zaɓe ta ba. Ranar haihuwar James Parkinson ce, likitan birnin Landan da ya bayyana cutar dalla-dalla a 1817. Mutum shida kacal ya kawo a ɗan littafinsa, uku daga ciki ma a kan titi ya gan su. Ya lura da karkarwar hannu, da ranƙwafawa, da tafiyar sassarfa da gajerun taku. Sai bayan fiye da shekara 50 wani likitan Faransa, Jean-Martin Charcot, ya raɗa wa cutar sunansa.

An daɗe ba a samu magani mai ƙarfi ba. A ƙarshen shekarun 1950 Arvid Carlsson na Sweden ya nuna muhimmancin sinadarin dofamin wajen motsin jiki, daga baya aka tabbatar shi ne ke ƙaranci a ƙwaƙwalwar masu cutar. A 1967 George Cotzias ya nuna a New York cewa maganin levodopa na sassauta alamominta, kuma har gobe shi ne kan gaba. Amma fa ba ya warkarwa. Bayan shekaru, wani zai tashi zai yi tafiya, ƙafa ta kafe masa a bakin ƙofa kamar an ɗaure ta.

To, a nan rawa ta shigo. A 2001 Olie Westheimer, wadda ta kafa ƙungiyar masu cutar a unguwar Brooklyn, ta tuntuɓi kamfanin rawa na Mark Morris da shawarar a buɗe musu aji. Daga nan aka haifi shirin Dance for PD. Ƙwararrun 'yan rawa ne ke koyarwa. A zaune ake farawa kan kujera, sannan a miƙe a dafa wani abu, sannan a ratsa ɗaki ana bin kiɗa. Mata da mazan masu cutar su ma ana yi da su. A 2010 kamfanin English National Ballet ya fara irin nasa a Landan. A Jami'ar Washington da ke St. Louis kuma, binciken Gammon Earhart da Madeleine Hackney ya nuna rawar tango na inganta tafiya da daidaiton tsayuwa.

Mene ne sirrin? Cutar na taɓa sashen ƙwaƙwalwa da ke sa mu yi taku ba tare da tunani ba. Bugun kiɗa kuwa ishara ce daga waje, wato kunne ya ji, ƙafa ta bi. Sannan ga fita cikin mutane, ga dariya, ga kiran mutum ɗalibi maimakon majinyaci.

Abin da ya sa na kawo zancen: mu idan hannun dattijo ya fara rawa, sai mu ce tsufa ne, ko mu ce sammu. Sai kuma “Baba zauna ka huta”, mu hana shi ko zuwa bakin titi. Tausayi ne, amma zaman ne ke ƙara sandarar da jiki. Rawa ba ta maye gurbin magani. A kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, a nemi shawarar irin motsa jikin da ya dace da shi, a kuma riƙe masa hannu a taka tare.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.