Zaɓen maganin ƙwari a gine-gine masu kare muhalli

Ginin da ke neman takardar shaidar LEED ana duba yadda yake amfani da ruwa da wutar lantarki, har da yadda ake yaƙar kyankyasai da ɓeraye da tururuwa a cikinsa.

Majalisar kula da gine-gine masu kare muhalli ta Amurka, USGBC, wadda aka kafa a 1993, ita ce ta ɓullo da LEED. A tsarin 2009, gini na bukatar maki 40 domin samun shaida mafi ƙanƙanta, da maki 80 domin samun mafi daraja.

Ƙa'idar ita ce feshin magani ya kasance mataki na ƙarshe. Kafin a kai gare shi, sai an binciki ginin, an toshe ramuka da tsagogi, an gyara famfunan da ke yoyo, an kwashe shara, an kuma ɗana tarko.

In hakan bai wadatar ba, sai a zaɓi magani mafi ƙarancin haɗari. Ma'aunin da aka ɗauka shi ne na birnin San Francisco, wanda ya kafa dokar taƙaita amfani da magungunan ƙwari a wuraren gwamnatinsa a 1996.

Birnin ya kasa magunguna gida uku. Rukuni na ɗaya shi ne mafi haɗari, na uku kuma mafi sauƙi. Ana la'akari da ƙarfin gubar maganin, da yiwuwar haddasa sankara ko cutar da haihuwa, da illarsa ga kifi da tsuntsaye da ƙudan zuma, da kuma gurɓata ruwan ƙarƙashin ƙasa.

Yadda aka yi amfani da magani ma yana da tasiri. Abincin guba na kyankyasai da aka rufe cikin ƙaramin akwati, ko aka cusa a tsagar bango, bai kai feshin da ke bazuwa a iskar ɗaki haɗari ba. Gubar ɓera kuwa tsarin 2009 bai sanya ta cikin masu sauƙi ba.

Tsarin ya kuma tanadi cewa, in za a yi amfani da magani mai ƙarfi, a sanar da mazauna ginin sa'o'i 72 kafin lokacin. In lamarin na gaggawa ne, a sanar da su cikin sa'o'i 24 bayan an yi.

Dalilin tsauraran matakan shi ne ma'aikata da ɗalibai da marasa lafiya na shafe sa'o'i suna shaƙar iskar waɗannan gine-gine, kuma ƙananan yara da masu juna biyu da masu asma sun fi saurin cutuwa.