Yadda Makafi Suka Ƙwato 'Yancin Karatu: Daga Jeneba Zuwa Marakesh

Mu marubuta babu maganar da ta fi yawa a bakinmu kamar ta haƙƙin mallaka. In an haɗu a taron ƙungiya ita ce, in an je kasuwa karɓar ciniki ita ce: wane ya gurza littafina, wance tana karanta labarina a intanet tana karɓar kuɗi ba da sanina ba. Kukan namu kuwa yana kan hanya. Sai dai akwai wani mai karatu da wannan doka da muke fakewa a bayanta ta daɗe tana rufe wa ƙofa, shi ne makaho. Tarihin yadda shi da sauran nakasassu suka buɗe ƙofar nake so mu bi yau, domin ƙarshen zancen ya biyo ta kanmu.

Tun kafin zuwan kwamfuta

Louis Braille ɗan ƙasar Faransa ne, an haife shi a 1809. Yana ɗan shekara uku ya soki idonsa a shagon mahaifinsa badukun linzami da sirdi, ciwon ya harbi ɗaya idon, ya makance. Yana da shekara 15 ya tsara rubutu na ɗigo shida masu tudu da ake karantawa da yatsa, ya buga shi a 1829. Hukuma ba ta amince da rubutun ba sai 1854, shekara biyu bayan rasuwarsa. Mai karatu ya riƙe wannan, don zai yi ta maimaituwa: makaho ne ke gano maganin matsalarsa, masu ido ne ke jinkirin sa hannu.

A shekarun 1930 aka fara ɗaukar littattafai a faifan garmaho domin makafi a Amurka da Ingila. Amma littafin ɗigo yana da nauyi da tsada, na faifai kuma sai an sami mai karantawa. Saboda haka kaɗan ne ƙwarai daga littattafan duniya suke isa hannun makaho.

Na'ura ta zo da alkawari

Da kwamfuta ta yaɗu, sai aka sami manhajar da ke karanta abin da ke kan allo da murya. Ted Henter, Ba'amurken da ya makance a hatsarin mota, shi ne ya ƙirƙiro JAWS, wadda ta fito domin Windows a 1995. Da yake tana da tsada, a 2006 Michael Curran, makaho ɗan Ostireliya, ya fara NVDA, abokinsa James Teh wanda shi ma makaho ne ya shigo, suka bayar da ita kyauta. Ɗakunan karatu na makafi kuma suka kafa ƙungiyar DAISY a 1996, domin tsara littafin saurare wanda mutum zai iya tsallakawa babi zuwa babi, shafi zuwa shafi.

To amma a wancan lokacin manhajar nan haruffa take karantawa, ba hoto ba. Idan mai shafin intanet ya zuba bayaninsa cikin hoto bai rubuta abin da hoton ya ƙunsa ba, makaho zai ji shiru. Haka kurma zai ga baki na motsi a bidiyon da ba a rubuta maganar a ƙasa ba. Wannan ya sa ƙungiyar W3C ta Tim Berners-Lee ta fitar da ƙa'idojin gina shafi mai sauƙin shiga ga kowa a 1999, ta sabunta su a 2008. Shawara ce dai, wanda ya ga dama ya bi. Abin da ya rage shi ne a sa gwamnatoci su ɗauki alkawari.

Jeneba da Tunis

A watan Disamba na 2003 Majalisar Ɗinkin Duniya ta kira babban taro kan fasahar sadarwa a Jeneba ta ƙasar Suwizalan, ƙarƙashin hukumar ITU. Ƙasashe 175 suka halarta. Maganar da ta mamaye zauren ita ce giɓin da ke tsakanin ƙasashe masu arziki da matalauta, da wanda zai riƙe linzamin intanet. Nakasassu suka ce akwai wani giɓin a cikin kowace ƙasa, har a cikin gida ɗaya. Suka shirya nasu zaman a gefen taron, ƙungiyar DAISY na kan gaba, suka sake yin haka a zagaye na biyu a Tunis a watan Nuwamba na 2005. Abin da suka samu 'yan layuka ne cikin takardun bayan taro, da ke ambaton buƙatunsu da na'urorin tallafi. Takardun ba doka ba ne, ba su ɗaure kowa ba. Amma da babu gara ba daɗi, kuma sunansu ya shiga littafi.

Kujera a teburin shawara

Aikin gaske yana gudana a birnin New York. A 2001 ƙasar Meziko ta kawo shawarar a yi yarjejeniya ta musamman kan 'yancin nakasassu. Abin da ya bambanta wannan zama da na baya shi ne masu abin sun ƙi yarda a yi musu aski ba sa nan. A ƙaramin kwamitin mutum 40 da ya rubuta daftarin farko a 2004, kujeru 12 na ƙungiyoyinsu ne. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ranar 13 ga Disamba, 2006 aka amince da yarjejeniyar, ta fara aiki ranar 3 ga Mayu, 2008. Sashe na 9 ya jera fasahar sadarwa, har da intanet, a sahu ɗaya da gine-gine da hanyoyi da sufuri. Wato shafin da makaho ba zai iya karantawa ba, ɗaya yake da ofishin da gurgu ba zai iya hawa matakalarsa ba. Sashe na 21 ya yi maganar bayar da bayanai cikin rubutun ɗigo da maganar hannu ta kurame. Sashe na 30 kuwa shi ya taɓo mu, don ya ce kada dokokin haƙƙin mallaka su zama shingen zalunci tsakanin nakasasshe da kayan al'adu. Nijar ta tabbatar da yarjejeniyar a 2008, Nijeriya a 2010.

Yunwar littafi

Ƙungiyar Makafi ta Duniya ta kira halin da ake ciki yunwar littafi. A ƙiyasinta, ko a ƙasashe masu arziki abin da ake juyawa domin makafi bai kai kashi 10 cikin 100 na littattafan da ake bugawa ba, a ƙasashe matalauta kuwa bai kai kashi 1 ba. Dalili biyu ne. Na farko, a ƙasashe da yawa juya littafi zuwa ɗigo ko murya ba da izinin mai shi ba laifi ne, neman izinin kuma yana cin watanni. Na biyu, a wancan lokacin ko a inda doka ta yarda, yardar ba ta ƙetare iyaka. A lokacin, ƙungiyar makafi ta ONCE a Sifen tana da littattafai sama da 100,000 cikin Sifaniyanci, amma ba ta da ikon aika su ga makafin Kudancin Amurka masu jin harshe ɗaya da ita.

Marubuta ma sun taka rawar da ba ta yi kyau ba. A 2009 kamfanin Amazon ya fito da Kindle mai karanta littafi da murya. Ƙungiyar marubutan Amurka ta yi tsalle ta ce wannan zai kashe cinikin littattafan saurare, kamfanin ya ja da baya ya bai wa masu ɗab'i damar kashe muryar. Makafi suka yi zanga-zanga a ƙofar ofishin ƙungiyar.

Hausawa na cewa in makaho ya ce a yi wasan jifa, ya taka dutse. A wannan shekarar dai Ƙungiyar Makafi ta Duniya ta isa hukumar WIPO mai kula da haƙƙin mallaka da rubutaccen daftarinta a hannu, ƙasashen Birazil da Ekwado da Faraguwai suka gabatar da shi a madadinta. Shekara huɗu ana ja-in-ja. Manyan kamfanonin ɗab'i da na fina-finai suna tsoron in an buɗe wannan kafa wasu za su biyo. A cikin cinikin aka cire fina-finai, aka bar kurame a waje. Mawaƙin nan makaho Stevie Wonder ya je gaban wakilan a 2010 ya roƙe su, daga baya ya yi alkawarin zai zo ya yi musu waƙa in sun gama.

Ranar 27 ga Yuni, 2013 aka cimma matsaya a birnin Marakesh na Moroko, mawaƙin kuma ya cika alkawari. Indiya ce ta fara tabbatar da yarjejeniyar a 2014. Da Kanada ta cika ƙasa ta 20, sai ta fara aiki ranar 30 ga Satumba, 2016. Abin da ta tanada a taƙaice: cibiyar da ba ta neman riba za ta iya juya littafi zuwa ɗigo ko murya ko manyan haruffa ba tare da neman izini ba, ta kuma aika shi wata ƙasa. Sharaɗi shi ne ta sami littafin ta hanyar halal, kada ta canja komai sai abin da juyawar ta tilasta, kuma makafi da masu raunin gani da masu larurar da ke hana su karatu da waɗanda ba sa iya riƙe littafi kaɗai za a bai wa. Ɗan'uwa marubuci ya kwantar da hankalinsa, wannan ba lasisin ɓarayin fasaha ba ne.

Ina muka kwana a gida?

Nijeriya ta tabbatar da yarjejeniyar Marakesh a 2017. A watan Janairu na 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan dokar hana nuna wa nakasassu bambanci, aka kafa hukumarsu ta ƙasa a 2020. Sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta shigar da tanadin Marakesh. Ta fuskar takarda dai an yi nisa.

Amma yarjejeniya ba ta rubuta littafi, hanya kawai take buɗewa. Ɗalibin makarantar makafi ta Gindiri, wadda ke nan tun 1953, ko na Tudun Maliki a Kano, yanzu doka ta ba shi damar karɓar littafin Turanci daga Kanada. Littafin Hausa fa? Ba wanda zai aiko mana shi daga waje, don a wurinmu yake. Bayan haka Marakesh ta amfane mu ta wata fuska: littafin Hausa da aka juya a Kano zai iya isa ga makaho a kowace ƙasa da ta shiga yarjejeniyar.

Mu kuwa muna da abin da wasu ba su da shi. Mutanenmu masu saurare ne. Gidajen rediyo sun daɗe suna karanta littattafanmu, yau ga su nan cike a YouTube. Ba don makafi aka fara ba, amma sun amfana. Abin da ya rage ƙanana ne. Wanda zai sa labarinsa a Facebook ko WhatsApp ya sa shi da haruffa, ya daina ɗaukar hoton shafi. Wanda ya buga littafi ya adana kwafinsa na kwamfuta, in makarantar makafi ta nema ya ba ta, ya hutar da malamai sake bugawa daga farko. Mai yin bidiyo ya rubuta maganar a ƙasa domin kurame, tunda Marakesh ta manta da su. Kuma in ƙungiyoyinmu za su zauna kan wannan batu, a gayyato masu abin su faɗi da bakinsu, kada mu yanke musu.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2022 cewa mutum biliyan 1.3 ne ke da nakasa, kusan ɗaya cikin shida. Cikinsu akwai waɗanda suka yi shekaru suna karɓar hayar littattafanmu a unguwa, kafin ciwon suga ko hawan jinin ido ko tsufa ya raba su da gani. Marubucin ma da ke kwana yana rubutu a hasken fitila ba shi da tabbacin idonsa zai raka shi har ƙarshe. Allah ya ƙara mana lafiya, ya sa mu dace, amin.