Wa Ya San Sauron Kakau?

Wanda ya ɗauki hanyar Abuja daga Kaduna a tsakiyar damina, da ya wuce Gonin Gora ya doshi Kakau, zai riƙa ganin ruwa kwance a wuraren da babu wanda ya ajiye shi: ramin da aka haƙi ƙasar gini, sawun tayar tifa, harsashin gidan da mai shi ya tsaya jiran kuɗi. Sauron da ke kawo maleriya irin wannan ruwa yake so, ruwan sama mai ɗan tsabta da rana ke duka. Kwata mai wari ta wani sauron ce, mai yawan kuka a kunne. A tsutsa ma ana bambanta su, domin ta mai maleriya kwanciya take yi a miƙe a fuskar ruwa, ta ɗayan kuwa rataye take kai ƙasa. Cikin kwana goma ko kusa da haka ƙwai ya zama mai fiffike. Kakau, a ƙasar Gbagyi ta ƙaramar hukumar Chikun, gari ne da birni ya cim masa, ga titi ga tashar jirgin ƙasa, kuma duk inda ake gini a bakin daji sauro ya samu gona. Shekara saba'in ke nan ana nazarin sauron irin waɗannan garuruwa na Arewa, har wani babban kaso na abin da duniya ta sani game da sauron Afirka daga nan ya fito. Sai dai ɗakin binciken da ke riƙe da ilimin bai taɓa zama da gindinsa a nan ba, kuma wannan rashin, fiye da rashin masana ko na'urori, shi ne ciwon da tarihin ke nunawa.

Ilimin sauro ya fara shigowa Kaduna ne a matsayin katanga. A 1897 Ronald Ross ya ga ƙwayar cutar maleriya a cikin sauro a Indiya, kuma darasin farko da Turawan mulki suka ɗauka shi ne su nisanci talakawa. Da aka dawo da hedikwatar Arewa daga Zungeru zuwa Kaduna a 1917, dokar tsara garuruwa ta tanadi fili na yadi 440 da ba a gini a cikinsa tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa. Cibiyar binciken ƙwari ta farko mai ƙarfi da aka kafa a garin, a 1947, ta ƙudan tsando ce, saboda cutar barci da sammore suna taɓa ma'aikata da shanu, wato suna taɓa baitulmali.

Labarin ya sauya a 1954, lokacin da aka fara gwajin feshin gidaje a yammacin Lardin Sakkwato, yankin Birnin Kebbi, domin a ga ko maganin ƙwari kaɗai zai iya katse maleriya a ƙauyukan Afirka. Ɗaya daga magungunan shi ne dieldrin. Ba a rufa shekara biyu ba, a 1955, aka iske sauron ƙauyen Ambursa yana zama a kan bangon da aka fesa ya tashi lafiya ƙalau. Aka ɗebi ƙwansa aka kai London, inda George Davidson ya kiwata shi, ya haɗa shi barbara da sauron Legas wanda magani ke kashewa, ya nuna a 1956 cewa taurin kan gado ne, kuma ƙwayar gado guda ce ke ɗauke da shi. Daga irin wannan haɗe-haɗen wani abu ya ɓullo wanda babu mai nemansa: in an haɗa sauron wasu garuruwa da na wasu, 'ya'yansu maza ba sa haihuwa, kamar alfadari. Ashe abin da ake kira da suna ɗaya tun 1902, Anopheles gambiae, dangi ne masu kama ɗaya da hali daban. Aka fara kiran biyu daga cikinsu A da B, daga baya B ya zama arabiensis. A lura da yadda aka raba aikin. Sauron na Kebbi ne, bangon na Kebbi ne, zazzaɓin na yaran Kebbi ne, kejin da tambayar da amsar kuwa suna London.

Kaduna ta ɗan matso da ɗakin binciken kusa. P. W. Hanney ya wallafa nazarinsa kan sauron Lardin Zazzau a 1960, M. W. Service ya wallafa nasa kan sauron dajin da ke kewaye da Kaduna a 1963, kafin daga baya ya zama babban malami a makarantar cututtukan ƙasashe masu zafi ta Liverpool ya rubuta littafin da ɗalibai ke koyon kamun sauro da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa sashen binciken yaƙi da sauron maleriya a garin, kuma a 1973 G. B. White da P. Rosen suka wallafa yadda A da B ke zaune a ƙauyukan gefen Kaduna daga ƙarshen damina zuwa shigar rani. Yadda ake aikin ya cancanci a tsaya a kansa. Da dare a zaunar da mutum a tsakar gida ko a ɗaki, ya naɗe wando zuwa gwiwa, tocila a hannu ɗaya, ƙaramar kwalba a ɗayan, ya jira sauro ta sauka a ƙwaurinsa ya kife ta kafin ta soka baki, ana ware kamun kowace awa daban har gari ya waye. Da asuba wasu su shiga ɗakin kwana, su shimfiɗa fararen zannuwa a ƙasa da kan gado, su toshe ƙofa, su yi feshi, su tsince abin da ya zubo. Sai a kai teburi, a fede kowace mace da allura biyu a ƙarƙashin madubi, a ciro jakar yawunta a duba ko akwai ƙwayar cuta. Masu naɗe wandon nan 'yan ƙasa ne, kuma sunayensu ba su hau kan takardun ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Gwaji mafi girma shi ne na Garki, a Jigawa ta yau, daga 1969 zuwa 1976. An fesa ƙauyuka 164 da maganin propoxur, a wasunsu aka haɗa da raba wa kowa maganin zazzaɓi. Cutar ta ragu sosai inda aka haɗa biyun, amma ba ta yanke ba, da aka daina kuma ta dawo. Wani ɓangare na dalilin ya fito daga aikin Mario Coluzzi, ɗan Italiya, wanda ke karanta zanen ƙwayoyin gado a mahaifar sauro: ko a ƙauye ɗaya akwai sauron da ke cizo ya kwana a bango, akwai wanda ke cizo ya fice ya kwana a waje, inda feshi ba ya kaiwa. Littafin da L. Molineaux da G. Gramiccia suka fitar a 1980 kan wannan aiki har gobe masu lissafin yaɗuwar maleriya da kwamfuta suna komawa gare shi. A 2013 aka sake raba A gida biyu, aka raɗa wa ɗaya sunan Coluzzi. Da aikin Garki ya ƙare, masana suka tattara takardunsu suka koma Geneva da Rum.

Wani zai ce ina ruwan mai zazzaɓi da inda keji yake? Ilimi ai ba shi da gari, in an gano abu a London ya amfani Kakau, shi ke nan. Wannan magana gaskiya ce ga lissafi, ga sauro kuwa rabin gaskiya ce, saboda sauro yana sauyawa kuma sauyin nasa gari-gari ne. Abin da aka auna a Auyo ta Jigawa, inda ake noman shinkafa da feshin gona rani da damina, ba lalle ya zama shi ne a Kakau ba, kuma abin da aka auna bana zai iya tsufa baɗi. Ambursa ta nuna haka cikin wata goma sha takwas. Gwajin taurin kan sauro shi kansa ba wani abin a zo a gani ba ne: mata ashirin da biyar a bututu mai takarda da aka jiƙa da magani, awa ɗaya a ciki, a ƙirga matattu bayan awa ashirin da huɗu, in ba su kai kashi 90 cikin ɗari ba an tabbatar magani ya fara kasawa. Amfaninsa yana cikin maimaitawa, wuri ɗaya, kowace damina, shekara da shekaru. Wannan kuwa sai mazaunin gari.

A nan ne maganar ke taɓa jami'a. Ɗakin kiwon sauro ya fi kama da garken kaji fiye da ɗakin karatu. Zafi ya tsaya wajen digiri 27, iska ta kasance da laima ko ana tsakiyar hunturu, a ba tsutsa garin abincin kifi, a ba manya ruwan sukari a auduga, a ba mata jini su yi ƙwai. Abin da ya fi wuya shi ne ƙwan sauron maleriya ba ya jure bushewa. Na sauron da ke kawo shawara ana busar da shi a takarda a ajiye wata da watanni, wannan kuwa in ba a kula da shi ba na mako biyu, zuriyar ta ƙare. Ba shi da Juma'a, ba shi da Lahadi, ba shi da hutun Sallah. A ɗora wannan a kan jami'ar da ɗauke wuta ya zame mata jiki, wadda yajin aikin malamai ya rufe daga Fabrairu zuwa Oktoba a 2022, wadda ke sayen injin gwaji na miliyoyi cikin sauƙi fiye da yadda take biyan alawus ɗin ma'aikacin da zai zo ranar hutu ya canja ruwan tsutsa. Ba mamaki ma'aunin da ake gwada sauronmu da shi, wato zuriyar da aka san magani na kashe ta, sunanta Kisumu, garin Kenya.

Akwai masu cewa kuɗin bincike gara a sayi gidan sauro da magani, tunda wajen kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da maleriya a duniya a Najeriya suke. Tausayin da ke cikin maganar a fili yake, amma wane gidan sauron? Yau iri-iri ne: akwai mai magani ɗaya na da, akwai wanda aka ƙara masa sinadarin da ke karya garkuwar sauro, akwai mai magani biyu da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2023, kuma farashinsu ba ɗaya ba ne. Jihar da ba ta san halin sauronta ba, ko dai ta sayi mai tsada babu dalili, ko ta raba mai araha wanda ya koma labule kawai. Kuɗin bututu da takarda da ɗalibai biyu bai kai kuɗin lodin mota ɗaya na gidan sauron da bai dace ba.

Ƙorafi mafi nauyi shi ne na masu cewa zamani ya riga ya sauya, kuma da gaskiyarsu. Jami'ar Ahmadu Bello tana Zariya tun 1962, ta Jihar Kaduna tun 2004, kuma malaman Jami'ar Bayero sun wallafa bincike mai ƙarfi kan taurin kan sauron Jigawa da Kano, sunayensu a sahun gaba. Masanan Najeriya ne suka tabbatar da ɓullar Anopheles stephensi, baƙon sauro daga Asiya mai son tankin ruwa da zaman birni, a samfurin da aka kama a Jihar Gombe a 2020. Sai dai yawancin wannan aiki da tallafin waje ake yinsa, shekara uku ko biyar, kuma in wa'adi ya cika keji ya kan mutu tare da shi. A ƙasa kuwa ɗalibin ajin ƙarshe ne ke zuwa kududdufi da ludayi a damina ɗaya, ya ƙirga tsutsa, a ɗaure masa kundi da baƙin bango, wanda zai zo baɗi ya sake farawa daga fari a wani garin. Baƙon na Gombe kuwa, in ya kama hanya, irin Kakau yake nema: titin manyan motoci, layin dogo, da durom-durom na ruwan gini a buɗe a kowane lungu, rani da damina.