Finafinan Matsafa na Ban Tsoro da Ban Dariya

Wannan nau'in fim yana haɗa tsoro da barkwanci a kan labarin ƙungiyar asiri, wadda 'ya'yanta ke ba Shaiɗan jinin mutum domin su samu dukiya ko mulki. A Amurka an san shi da finafinai irin su The Babysitter na 2017 da Ready or Not na 2019, inda matsafan ke faɗawa ramin da suka haƙa.

A Najeriya, Living in Bondage na 1992, cikin harshen Ibo, shi ya yaɗa labarin kuɗin tsafi: wani mutum ya sadaukar da matarsa, fatalwarta ta hana shi sakat. Wannan fim ba na dariya ba ne. A ƙasar Hausa dariyar ta fito daga finafinan camama na Kano, fagen da marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a Disamban 2014, ya yi fice. A camama boka yakan zama ɗan damfara, mai neman kuɗin dare ɗaya kuma shi ke shan kunya.

Nijar tana da abin da ya yi kusa: Cocorico Monsieur Poulet na 1974, wanda Damure Zika, Lam Ibrahim Dia da Jean Rouch suka shirya, inda fataken kaji suka gamu da mayya a daji.

A Bande da Magarya, finafinan Kano sun fi shiga gidaje, yanzu ta wayar salula. Ya kamata iyaye su duba kafin yara su kalla, domin na waje sukan cika zubar da jini.