Ɗori da Gashi a Ƙasar Bagudo

Tun kafin Turawa su zo, garin Illo, wanda yau yake cikin ƙasar Bagudo, mashigar fatake ne. Ayarin da ya taso daga Kano ko Sakkwato za shi Gwanja sayen goro, sau da yawa a wajejen nan yake ƙetare Kwara, sa'an nan ya faɗa ƙasar Bargu. Tafiya ce ta watanni, a ƙasa da bisa jakuna. To, a irin wannan tafiya ba a rasa wanda jaki ya shura, ko kaya suka danne, ko ya yi targaɗe. Wanda ya karye kuwa ayari ba ya jiransa, sai madugu ya bar shi hannun mai masauki, shi kuma ya nemo maɗori.

Ɗori sana'a ce ta gado. Maɗori yakan shafa wurin da hannu har ya gane inda ƙashi ya rabu, ya sa ƙarfafa su riƙe mai karaya, ya ja, ya daidaita, ya jera karan ɗori, ya naɗe da tsumma. Waɗansu sukan karya ƙafar kaza su ɗora tare, wai ran da kaza ta taka, mutum ma ya kusa. Wannan dai camfi ne, kaza ce kurum ta sha wuya. Amma abin da ke biyo bayan kwance ɗori, watau gashi da ruwan zafi, da tausa da man kaɗe, da tilasta wa mutum ya dogara sanda ya taka, a nan mutanen da suka yi hikima ƙwarai. Gama gaɓar da ta daɗe a ɗaure takan ƙage, naman wurin ya tsotse. Ƙashin babba yakan ɗauki mako 6 zuwa 12 kafin ya kama, na yaro bai kai haka ba, in kuwa aka zauna kawai bayan wannan, sai ƙashi ya warke ƙafa ta ƙi lanƙwasuwa.

Cikin 1898 Ingila da Faransa suka yi yarjejeniya a Faris, suka raba Bargu biyu. Illo ta faɗo wajen Ingilishi, yamma da ita ta zama Dahomi, wadda aka sake wa suna Binin cikin 1975. Iyaka ta raba haraji da hukunci, amma ba ta raba dangi da kasuwa ba, balle ta hana mai karaya zuwa inda ya ji sunan gwani.

Gashi irin na asibiti kuwa yaƙi ne ya kawo shi. Cikin 1945 aka kawo Turawa biyu masana wannan aiki asibitin ƙashi na Igbobi a Ikko, don sojan da suka komo daga Bama da raunuka. Su suka fara koya wa 'yan ƙasa. Aka buɗe asibitin ƙashi na Dala a Kano cikin 1959, Jami'ar Badun kuma ta soma ba da digirin aikin cikin 1966. Masu gashin ƙashi ba karaya kaɗai suke dubawa ba, har da shanyewar ɓarin jiki, da yaran da shan inna ya taɓa. Cikin 2020 aka tabbatar wannan cuta, irin wadda ke yaɗuwa da kanta, ta ƙare a Afirka, sai dai waɗanda ta riga ta naƙasa suna nan.

Inda maɗori ya kasa, ba a ɓoye yake ba. Ba ya ganin cikin jiki, likita kuwa yana da hoto. In ɗauri ya matse, jini ya daina gudu, yatsu su kumbura, su yi sanyi, su yi baƙi, ƙarshe sai yankewa. Haka kuma karayar da ƙashi ya huda fata, in aka rufe ta da tsumma sai ta ruɓe. Da can faɗuwa daga doki ko kayen kokawa ake kawo wa maɗori. Yanzu babur ne da mota, masu farfasa ƙashi gida uku ko huɗu, ga shi kuwa daga ƙauyukan bakin iyaka zuwa manyan asibitocin Birnin Kebbi tafiya ce mai nisa, maɗori kuwa yana nan bayan kasuwa.